Na'Allah, Mai Gasa Goge a Bayan Labule

Mutumin da ya tsufa yana ɗaura wa goge fata, alhali shi kansa bai tabbata aikin halal ne ba, me za a ce da shi? Na juya tambayar nan har na gaji, ban sami amsa ba. Shi ma Baba Na'Allah na Filinge, a ƙasar Kurfai, bai samu ba.

Kullum da hantsi yana gindin aduwa a ƙofar gidansa, rabin ƙwarya a cinya, fatar guza jiƙe a kasko, gashin wutsiyar doki rataye a kafaɗa. Da wuya a ji goge yana kuka a ƙasar Kurfai wanda bai bi ta hannunsa ba.

Idan aka gayyaci makaɗan Kurfai wasan gargajiya a Yamai, da shi ake tafiya. Laimar kogin garin tana sa fata ta saki, goge ya dushe kamar mai mura, sai an gasa shi a kan garwashi kafin a hau dandali. Jama'a su yi ta tafa wa Balkisa mai waƙa da Jibo mai goge, shi kuwa yana bayan labule da kaskon wutarsa. Wata shekara mai gadin zauren wasan ya hana shiga da wuta. Balkisa ta ce tsohon bai yi gardama ba. Fita ya yi, ya sa direba ya ta da mota, ya kifa gogen a kan murfin inji.

"Baba, tsire kuke gasawa?" in ji direban.

"Taka mai, ɗana. Tsiren ga shi ya kawo ka birni."

Kai ne muryar da ba a gani, Baba. Kai ne ka sa mutanen birni suka san Kurfai tana da baki.

Amma ga abin da ke ɗaure mini kai. Jibo ya sha roƙon tsohon ya koya masa aikin, yana ƙi. Wani malami ya ce wa Baba kiɗa haram ne, wani ya ce babu laifi, shi kuwa ya tsaya a tsakani.

"In zunubi ne, ya ƙare a kaina," yake cewa.

"To don mi ba ku bari ba?"

"In na bari, wa ka gyara maka?"

Tsoron Allah ne wannan, ko rowa, ko tausayi? Ban sani ba. Na dai san idan ya kwanta dama, sana'ar ta bi shi.

Bara ciwon gwiwa ya hana shi tafiya. Jibo ya gasa gogen da kansa, fatar ta tsage ana gab da kiran su. Balkisa ta fito gaban jama'a ta yi waƙarta da tafi kawai, hawaye na zuba.

Mun gode, Baba. Ka yi aiki cikin shakka, amma ba ka taɓa yin sa da ha'inci ba. Masu sana'a, ko kun tabbata ko ba ku tabbata ba, ku riƙe amanar hannunku kamar yadda ya riƙe.

Da suka dawo daga Yamai, Jibo ya ajiye gogen a gaban Baba. Tsohon ya daɗe yana duban tsagar.

"Da mi ka taɓa hwatar?"

"Da yatsu, Baba."

"Yatsun makaɗi sun yi kanta, ba su jin wuta. Da bayan hannu a ka ji." Ya juya gogen a cinyarsa. "An ce Balkisa ta yi kuka?"

"Ta yi."

"Jawo kaskon wutar ga."

"Baba, kun gano halal ne?"

"Ban gano ba. Zamna, miƙo hannunka."