Kaset ɗin Mai Jita da Na Kai Badarawa

A shekarar da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jiharmu ina koyar da lissafi a wata sakandare a Ƙaura Namoda. Maƙwabcina tsohon direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, ya dawo gida da ciwon gwiwa da akwatin kaset cike. Wata rana bayan la'asar na shiga zaurensa aron famfon keke, na tarar ya rage muryar rikoda ƙasa-ƙasa, wani kiɗa na fita wanda ban taɓa jin irinsa ba. Ba ganga, ba waƙa, tsirkiya ce kawai.

Na tambaye shi su nawa ne ke wannan kiɗa. Ya ɗaga yatsa guda. Na yi dariya na ce ko kurma ya san mutum uku ne. Ya ce wani dattijo ne baƙar fatar Amurka, shi kaɗai bisa kujera da jitarsa, kuma kiɗan jaz ake ce masa. Sunan mutumin ya goge daga jikin kaset ɗin tun da daɗewa, shi ma ya manta. Na bar famfon a nan, na fito da kaset.

Kwana huɗu na yi kamar wanda aka yi wa albishir. Akwai wata murya mai kauri a ƙasa, tana tafiya ɗaiɗai kamar mai zuwa gona da safe. A sama wata siririya ce ke ta surutu, ta ruga, ta tsaya, ta yi tambaya ta ba kanta amsa. Tsakaninsu kuma sai a watso sauti huɗu biyar a dunƙule, a janye. Zai ɗauko ɗan kari mai sauƙi, ya bi da shi ta wani lungu har in ce ya ɓata, sai ga shi ya ɓullo daidai inda ya bari. Duk sanda ya yi haka sai in ji dariya ta kuɓuce mini. Matata ta ce ita dai abin da take ji, mutum ne ke ɗaure tsirkiya bai gama ba. A aji kuwa na tsinci kaina ina buga alli a allo bisa tafiyar muryar nan ta ƙasa, ɗalibai na kallona.

Amma ban yarda mutum guda ne ba. Wanda zai raba gardamar shi ne kawuna na Badarawa, wanda ya shekara talatin yana kaɗa wa mafarauta garaya kafin ya rataye ta ya riƙe noma. Lokacin makaɗa duk sun yi shiru, kowa na taka tsantsan, don haka na saka kaset ɗin cikin kwalin wani kaset na wa'azi, na rataya rikodata, na shiga motar Shinkafi mai bi ta Badarawa ranar kasuwa.

Ba mu yi nisa ba direba ya hango kwalin a aljihuna. Ya ce Malam ya taimaka mana mu ƙaru, ya miƙo hannu ya zare. Kafin in haɗa kalma biyu ya tura kaset ɗin cikin rikodar motar. Jita ta tashi. Ni kuwa na ƙura wa takalmina ido. Wani fatken hatsi ya ce a kashe. Wani tsoho a baya ya ce a bari dai a ji inda mutumin ya nufa, tunda bai zagi kowa ba. Direba ya bari har karin ya ƙare, sannan ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Na sami kawu a gindin tsamiya a bakin gonarsa ta dawa. Bayan gaisuwa na kunna masa, ban gaya masa komai ba. Ya rufe ido, fartanya na bisa cinyarsa. Can sai na ga yatsunsa na hagu sun fara tafiya a kan ƙotar, babban yatsan dama na motsi shi kaɗai.

"Kawu, su nawa ne?"

"Mutum guda na," ya ce. "Mai da shi baya ka jiya. Duk sa'ad da na bisa ya sheƙa, na ƙasa kan dakata mai kaɗan. Da su biyu na, babu mai jiran wani. Hannu guda ka ciyar da su duka."

Na mayar, na kasa kunne, sai ga shi kuwa: ɗan jinkiri ƙanƙane, kamar ɗauke numfashi. Na miƙe tsaye ban san dalili ba, na zagaya tsamiyar na dawo. Daga nan kawu ya shiga nuna mini abubuwa. Ga ƙarar yatsa na zamewa bisa tsirkiya, ga ƙafar mutumin na buga ƙasa. A wani wuri ya fashe da dariya har da tari. Ya ce nan mutumin ya yi tuntuɓe, ya taɓa inda bai nufa ba, sai ya sake taɓa wurin sau biyu da gangan don a ce shiri ne. Ya ce shi ma ya sha yin haka gaban mafarauta, ba wanda ya taɓa kama shi.

Muna cikin juyi na uku batir ya fara sanyi, jitar ta koma nishi. Muka ciro baturan muka shanya a rana bisa dutse, muka zauna muna jira, kawu na ta gunaguni da karin a maƙoshinsa. Da rana ta ƙi taimako, ya ja ni har gidan maƙwabcinsa muka kwashe na cikin rediyonsa.

Motar ƙarshe ta tafi ta bar ni. A Badarawa na kwana, washegari na isa makaranta ana darasi na uku. Shugaban makaranta ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa kawuna na je dubawa, kuma na same shi garau.