Baba Rediyo da Ledar da Aka Manta

Shekara ashirin ke nan rabon da a kawo masa rediyo gyara, amma har yau Baba Rediyo ake kiransa. Da rediyo ta ja baya sai ya koma kwamfuta, ya kuwa iya ta kamar don shi aka yi. Shagonsa ɗan tsurut ne: benci ɗaya, fanka mai ƙara, da kwalin ƙwai da yake jera notuna a ciki don kada su ɓace. Kafin ya taɓa sukudireba, sai ya kara kunne jikin kwamfuta, ya dafa ta da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi.

To, zamani ya zo da gudu. Manyan kamfanoni biyu masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta suka shiga tsere, wannan ya fitar da sabuwa yau, wancan ya karya farashi gobe. Mutane suka daina gyara, sai dai su sayi sabuwa. Babbar 'yarsa, injiniya, ta buɗe shago mai gilashi a tsallaken titi, labarin kamfanonin nan kuwa a bakinta yake kamar karatun sallah.

"Baba, ka huta haka nan," in ji ta. "Ƙarshen wata mu rufe shagon."

Ya ce to. Amma maganar ta ci shi, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba in babu bencin nan.

Saura kwana uku wata ya ƙare, da hantsi, sai ga 'yar tasa ta tsallako fuska a murtuke. Wani asibiti ya ba ta aikin haɗa saba, babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan marasa lafiya. Ta sa mata ƙwaƙwalwa sabuwa dal, amma minti goma da kunnawa sai ta mutu. Ta canza wayoyi, ta canza abin wuta, a banza.

Baba ya ɗauki kwalin ƙwansa ya bi ta, yana tafe yana ɓoye murmushi. Aka kunna. Ya kara kunne, ya ji fankoki na ihu. Ya dafa ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwar, ya ji shi da sanyi.

"Fanka na wahala, ƙarfe kuma ko ɗumi bai yi ba. Zafin bai iso shi ba ke nan."

Ya kwance noti huɗu, ya juya ƙarfen, ya sa farce ya ɓare wata siririyar leda da ake manna masa tun daga kamfani. A jikinta ma an rubuta a cire kafin a ɗaura.

Injiniya ta rufe fuska, dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Duk labarin kamfanonin nan, ba wanda ya gaya miki wannan?" in ji Baba. "Kada ki damu, ni ma na taɓa yi. Sau biyu."

Aka mayar da ƙarfen ba ledar da ta tare zafin, sabar ta yini tana aiki ko gezau. Da wata ya ƙare an rufe shagon kamar yadda aka ce, amma bencin tsallaka titi ya yi, ita da kanta ta kama gefe ɗaya. Yanzu ba kwamfutar da ke fita daga shagon gilashi sai Baba ya dafa ta. Ledar kuwa tana nan manne a bango, daidai saitin kujerar injiniya.