Sunan Atiku a Kan Waƙar da Bai Ji Ba

Atiku mutumin Kwargaba ne, manomin albasa kamar mahaifinsa. Shekarar da zuwa gonar nesa ya zama kasada saboda 'yan bindiga, ya kwaso matarsa Mahbuba da 'yarsu Sadiya ya dawo cikin Wurno. Ya sayar da injin ban-ruwa ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya kafa tebur a bakin tasha yana tura wa mutane waƙoƙi da karatu da wa'azi a memori. Bai wuce firamare ba, amma yana da haƙurin zama da abu har ya gane kansa.

Abin da ya gano, wanda sauran masu sana'ar ba su kula da shi ba, shi ne kowace waƙa tana da ɗan gurbi a cikinta inda ake rubuta sunanta da na mawaƙi, kuma rubutun yana bin ta duk wayar da ta shiga. Sai ya riƙa goge sunan mawaƙin yana sa "Atiku Kwargaba" da lambar wayarsa. Ba ɗaya-ɗaya yake yi ba. Yakan haɗa ɗari biyu ko uku ya buga musu sunan lokaci guda. Dabarar ta ci. Direbobin Rabah da Goronyo da bai taɓa gani ba suka riƙa kira suna tambayar inda teburinsa yake.

A sana'ar, duk memorin da aka kawo maka, kafin ka zuba masa komai sai ka kwashi abin da ba ka da shi a ciki. Haka kaya suke taruwa. Wata rana da damina wani fasinja ya kawo nasa, Atiku ya kwashe, ya buga sunansa, ya zuba cikin tarin waƙoƙin gargajiya da yake tura wa kowa. Bai saurara ba. Wa zai zauna ya saurari waƙa dubu tara?

Bayan wata uku wata mata daga Rara, Uwaliya, ta tsaya gaban teburin ta ajiye waya ta kunna. Kukuma ta fara, sannan wata siririyar murya ta shiga kirarin 'yan bindigar daji, tana yi wa ƙauyukan da suka watse dariya. Mijin Uwaliya wata biyu ke nan yana hannunsu. A fuskar wayar kuwa ga sunan Atiku, ga lambarsa.

"Kai na Atiku?"

"Ni na, Inna."

"Mi munka yi maka?"

Ya shiga bayanin gurbi da yadda ake rubutu a ciki. Ba ta gane ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ɗauki wayarta ta wuce, amma mutanen tasha sun riga sun ji. Cikin kwana uku teburin ya mutu. A masallaci wanda ke gefensa ya bar tazara a sahu. Mahbuba ta ce in ta isa bakin famfo hira takan tsaya, Sadiya kuma ta dawo daga Islamiyya tana kuka, an ce mata ubanta maroƙin ɓarayi ne. Rana ta huɗu aka gaya masa 'yan sa-kai suna tambayar gidan da yake haya.

Ya ruga wurin kawunsa Alhaji Ja'afar, dillalin albasa, ya durƙusa ya roƙe shi ya tara dattawan unguwa kafin a zo a ɗauke shi. Aka taru a zaure bayan la'asar. Wani tsoho ya ce kafin komai Atiku ya rera baiti ɗaya a ji. Ya rera. Tsohon ya toshe kunne ya ce wannan ko tallan kunu aka ba shi, kunun zai kwana. Aka ɗan yi dariya, ban da Atiku.

Sai ya buɗe kwamfuta ya ɗauko waƙar biki da wata mata ta rera, ya rubuta sunan kawunsa a gurbin, ya tura wayar liman. Aka kunna, ga muryar mace tana guɗa, ga "Alhaji Ja'afar" a rubuce. Alhaji ya ce ya goge maza kafin labari ya kai cikin gida. Liman ya ci gaba da latsa wayarsa, can ya ɗago ta. Tafsirinsa ne na azumin bara, shi ma da sunan Atiku a kai. Dattawa suka yarda ba shi ya rera ba, suka ce za su yi wa 'yan sa-kai magana.

Da kowa ya tashi Alhaji ya tsayar da shi.

"Mu mun gani da idonmu. Mutanen Rara fa? Na Goronyo fa? Bin su za ka yi da kwamfuta ɗai-ɗai?"

"In shi na mafita, Kawu, sai in bi su."

Ya bi su. Mako biyu yana yawon kasuwanni, Rabah, Maikujera, Goronyo, yana roƙon mutane su ba shi wayoyinsu ya goge kyauta. Ya goge a sittin da wani abu. Kusan duk wanda ya goge wa sai ya ce ai ya tura wa mutum biyu ko uku. Wasu suka ƙi miƙa wayar, don kada a ga suna da waƙar. Ya rame, ya daina cin abinci sai Mahbuba ta tsaya a kansa.

Yana kan hanyar dawowa daga Goronyo da rana tsaka baƙuwar lamba ta shigo. Mai maganar ya gaishe shi a natse, ya ce waƙa ta yi daɗi, maigidansu na daji yana son a yi masa tasa shi kaɗai, kuma sun san teburin bakin tasha. Atiku ya rantse shi ba mawaƙi ba ne. Mutumin ya yi dariya.

"To sunan wa ad bisa?"

Ya zare layin ya karya a cikin motar, duk da ya san hakan bai goge komai ba. Alhaji Ja'afar bai yi dogon zance ba da ya ji. Ya ce Mahbuba da Sadiya su koma gidansa, ya sama wa Atiku wuri a motar albasa da za ta tashi kudu washegari da safe. Kwamfutar tana ɗakin Mahbuba, an lulluɓe ta da zane.

Yanzu Atiku dako yake yi a wata kasuwar albasa a kudu, inda ake kiransa Sakkwato. In wani ɗan arewa ya tambayi sunansa na yanka da garinsu, sai ya tambaye shi buhu nawa za a ɗauka.