Tabon Gilashin Baba Tsaf

A tasha kowa Baba Tsaf yake ce masa, kuma ba don tsabtar rigarsa ba, don rigar kam sai a hankali. Gilashin motarsa ne ya jawo masa sunan. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa tasi, ko kaza bai taɓa takewa ba. Kafin ya karya kumallo ya goge gilashin gaba, kuma fasinjan da ya kuskura ya dafa shi da hannu mai maiƙo zai sha wa'azi har inda za shi.

Da tuƙin nan ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu. Bai iya komai ba sai shi. Shi ya sa da matarsa ta fara cewa idonsa na dama ya yi yana, ya je a duba, sai ya yi kunnen uwar shegu da ita. Tsoro yake ji. Ya san likita na iya cewa ya ajiye mukulli, shi kuwa bai san yadda mutum yake wuni ba sitiyari a hannu ba.

Ana nan sai ƙungiyar direbobi ta canza sitika. Ya ɓare tsohuwar, ta bar masa danƙo mai faɗin tafin hannu a ɓangaren direba. Ba baƙon aiki ba ne a wurinsa. Ya jiƙa tsumma da kananzir ya ɗora a kai har danƙon ya yi laushi, ya bi shi da reza a kwance don kada ta karce gilashin, ya wanke da ruwan sabulu, ya goge da tsohuwar jarida.

Washegari ya hau titi, sai ga tabo dishi-dishi daidai inda yake kallo. Gaskiyar magana, har daɗi ya ji, ya samu abin ɗora wa laifi. Kwana tara yana kankara safe da yamma, gida duk warin kananzir.

"Malam, huda gilashin nan za ka yi?" in ji matarsa.

"Gam ɗin zamani ne, ba ki san shi ba. Naci gare shi."

Ta dube shi, ta koma ɗaki.

A rana ta goma, saura ƙiris ya banke wani mai keke da ya ɓullo ta damansa. Sam bai gan shi ba. Daga nan ya wuce wurin mai wankin mota, abokinsa na shekara ashirin, wanda bai taɓa bari ya taɓa masa gilashi ba sai yau.

"Ɗan'uwa, danƙon nan ya gagare ni. Duba mini."

Mai wankin ya share hannu a wando. Bai ma kalli gilashin ba. Ya runtse ido, ya bi wurin da bayan farcensa a hankali, sama da ƙasa, ciki da waje.

"Yaya, ai danƙo ba da ido ake neman sa ba, da farce ne. In yana nan sai ya riƙe ka."

"To ya riƙe ka?"

"Sumul yake."

"Sake dai. Ga shi nan ina ganin sa!"

Mai wankin ya sauke hannunsa. Sannan ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar.

"Zo ka zauna nan wurin fasinja, ka nuna mini shi da kyau."

Baba Tsaf ya zagaya yana mita, ya zauna, ya ɗaga kai. Tabon na nan a gabansa, a inda ba a taɓa manna sitika ba. Ya juya ya dubi bangon wurin wankin, nan ma ga shi. Ya daɗe yana zaune, rezar na hannunsa, abin gwanin ban tausayi.

Can ya miƙa mukullin ba tare da ya dubi abokinsa ba.

"Ka iya tuƙi dai ko?"

"Na iya, Yaya. Gida?"

"Mu biya mu ɗauki uwargida. Ita ta san inda likitan yake."

Suka hau titi. Mai wankin na tuƙi a hankali, Baba Tsaf na gefensa, hannuwa a kan cinya. Duk mahaɗar da suka zo, sai ƙafarsa ta danna ƙasa tana neman birki.