Makullin Ɗakin Kwamfuta

Shekara tara na yi ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati a Kaduna kafin a kawo mana kwamfuta, a farkon shekarun casa'in. Sashenmu ne ke riƙe da bayanan ma'aikata: ranar da aka ɗauki mutum aiki, ranar da aka ƙara masa girma, da ranar da zai yi ritaya. Duk suna cikin fayil-fayil masu igiya, wasu har gara ta fara ci.

Kamfanin da ke ƙera kwamfutocin ya sayar wa ofishinmu babbar na'ura da araha, ya kuma koyar da mu uku aikinta kyauta har mako shida. Saba suke kiranta. A cikinta ake tara komai, ƙananan kwamfutoci shida da ke kan teburanmu kuwa da waya aka haɗa su da ita. Aka share wani tsohon sito, aka sa masa na'urar sanyaya ɗaki, aka girke ta a ciki. Tsawonta ya kai ƙuguna, kuma kullum tana wani gunji ƙasa-ƙasa. Da yake na fi sauran saurin hannu, ni aka ba makullin ɗakin da kalmar sirrin shiga.

Wata Asabar na je gaishe da iyayena a Kinkinau. Babana gyaran keken ɗinki yake yi a Babbar Kasuwa tun kafin a haife ni. Ina ba shi labarin kirkin kamfanin, yana saurare yana goge wani ƙarfe da tsumma.

"Idan ta lalace, wa ke gyarawa?" ya tambaye ni.

"Su ne, Baba. Injiniyansu zai zo daga Legas. Sun ma manna wata takarda a kan kusoshin. Wanda ya yage ta, sun cire hannunsu."

"Kayan gyaran fa, ana samu a kasuwa?"

"A'a, nasu kaɗai ke shiga."

Ya yi murmushi ya ce akwai wani keken ɗinki da ya taɓa shigowa gari haka, ga araha ga kyau, teloli suka yi ta saye. Sai da allura ta karye suka gane shago ɗaya ne ke da irinta a duk Kaduna. Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, don ina alfahari da na'urar kamar ni na ƙera ta.

Dokokin da aka koya mana ba su da yawa. Kada a faɗa wa kowa kalmar sirri. Duk Juma'a a kwafe bayanai a kaset a kulle a kabad ɗin ƙarfe. Kuma kada a sa faifan waje a kwamfutar ofis, domin yana iya ɗauko cutar da ake kira bairos. Na kiyaye su shekara guda da rabi.

Mataimakin shugaban sashenmu dattijo ne, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Shi ya koya mini tsara fayil ranar da na fara aiki, shi ya tsaya mini na samu hutu lokacin da na haihu. Yana rubuta tarihin makarantar firamaren garinsu, ana buga masa a wani shagon kwamfuta da ke hanyar Mando. Wata Alhamis da hantsi ya zo teburina da faifai a cikin ambulan.

"'Yata, na'urar bugawarsu ta tsaya. Shafi ashirin ne kawai, ina so in kai wa mutanenmu ranar Asabar."

Na san dokar, shi ma ya sani. Amma na dubi furfurarsa na kasa cewa a'a. Na karɓa, na sa, na buga masa. Ya yi ta sa mini albarka.

Kafin azahar, abokiyar aikina ta kira ni. Haruffan da ke allon kwamfutarta suna zubowa ɗaya bayan ɗaya suna taruwa a ƙasa. Muna tsaye tawa ma ta fara. Na gwada buɗe bayanan wani ma'aikaci, sai wasu alamomi marasa ma'ana suka fito. Na shiga ɗakin saba na kashe ta, na zare wayoyin, na tsaya cikin sanyin nan ina gumi.

Aka buga waya Legas, suka ce injiniya yana wani gari, kada kowa ya taɓa na'urar. Wani ma'aikacinmu ya ce ya san mai gyara a cikin gari, daraktan ofishinmu ya ce ba za a yage takardar kamfani ba. Kwana tara muka yi muna jira. Aka koma kan fayil masu igiya, masu zuwa neman takardar ƙarin girma suna komawa hannu biyu.

A rana ta biyu darakta ya tara mu ya tambayi yadda aka yi. Na miƙe na ce ni na sa faifan waje. Ban ƙara komai ba. Sai dattijon ya miƙe shi ma.

"Ranka ya daɗe, faifan nawa ne. Ni na roƙe ta, kuma na san ba za ta iya hana ni ba. Laifin ya fi yawa a kaina."

Darakta ya ce kowannenmu ya rubuto bayani. Takardar gargaɗi aka ba mu, ni da shi. Makullin kuwa aka bar mini.

Injiniyan ya zo, mutum mai sanyin hali, yana jin Hausa don a Zariya ya yi karatu. Yini ɗaya ya yi yana wanke na'urorin. Da ya nemi kaset ɗin Juma'ar ƙarshe kafin matsalar na ɗauko masa, komai ya dawo, sai aikin kwana huɗu da na sake bugawa da hannuna. Kafin ya tafi ya fito da takarda: kamfanin yana da manhajar kariya daga bairos, ana sabunta ta duk shekara. Darakta ya sa hannu nan take. Da na raka injiniyan bakin ƙofa, na tambaye shi me ya sa ba a haɗa mana da ita tun farko ba.

"Malama, da ba za ku saya ba," ya ce. "Sai wanda abin ya taɓa yake saye. Ni dai aiko ni ake yi."

Dattijon bai sake zuwa teburina da wata buƙata ba har ya yi ritaya, amma kullum sai ya tsaya mun gaisa, ya tambayi yara.

Bayan wata biyu darakta da kansa ya shigo da faifai, ya ce jawabinsa ne na taron ƙarfe goma sha ɗaya, yana sauri. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai manhaja ta duba shi tukuna. Zai ɗauki minti goma." Ya dubi agogonsa, ya dube ni, sannan ya jawo kujera ya zauna. Faifan lafiya lau yake. Na buga masa jawabin, ya karɓa ya wuce taronsa.