Keken Ɗinkin da Ba Magaji

Da maƙwabcina tela ya rasu a Ruwais, unguwarmu a ƙasa mai tsarki, abin da ya bari bai cika kusurwar ɗaki ba: keken ɗinki, buta, da haraminsa na hajji. Umda, wato mai unguwarmu, ya ce irin wannan gado ba ya wahalar da alƙali. Shaidu biyu da magaji ɗaya, halas, shi ke nan. In babu magaji, sai baitulmali.

Shaidu kam mun samu, har da rara. Magaji ne ya gagara.

Al'adarmu ita ce a ajiye kayan har lokacin hajji, a tambayi alhazan garin mamacin. Ni aka ba ajiyar, tunda malamin makaranta ne ni, kuma gwauro, ɗakina da fili. Da alhazai suka sauka, na bi masaukai ina cigiya.

"Malam, ɗan gidan wa ne?" in ji wani tsoho.

Ban taɓa jin sunan uban telan ba. Da sunan garin iyayensa muke kiransa, alhali a hanya aka haife shi, a Sudan. Bai taɓa ganin garin ba.

Bayan Muharram na ɗora keken a amalanke, na raka shi baitulmali. Ni kaɗai na je.