Mai Askin da Aka Ce Yana Gyangyaɗi

Shagonsa na ƙarshen layin masu ɗinki, ɗaki guda mai kujera ɗaya da madubi ɗaya da bencin masu jira. Mai Aski kawai ake ce masa, domin ya daɗe shi kaɗai a layin. Wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, kuma mutum ne mai tsari: aska a dama, kilifa a hagu, tawul a kafaɗa. Abin alfaharinsa ɗaya ne. Tun da ya fara riƙe aska bai taɓa yanka kowa ba, har manyan mutane kan zauna a kujerarsa su rufe ido su miƙa masa wuya.

Da girma ya fara kama shi, sai fatar idanunsa ta soma saukowa, girarsa ma ta biyo baya. Ganinsa lafiya lau, murfin idon ne ya zama labule. Idan zai daidaita saje sai ya ɗaga haɓa sama ya leƙo ta ƙasa, wani lokaci ya sa yatsa ya tallafe gira. Hannunsa dai bai canza ba.

Akwai ƙanin matarsa, wanda ake kira Ɗan Gayu. Mai Aski ne ya koya masa aiki tun daga shara, ya ci a gidansa, ya kwana a gidansa. Da ya ƙware sai ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi, da fitilu masu launi da talabijin. Mai Aski bai ji haushin wannan ba, har tawul ya ba shi. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya masa a rai.

Ɗan Gayu ya iya kwaikwayo. Idan bencinsa ya cika sai ya lumshe ido, ya ɗaga haɓa, ya riƙa lilo da reza a iska.

"Ku je wurin Yaya mana," yakan ce. "Aski da barci duk kuɗi ɗaya. Shi ya yi barcin, kai ka yi addu'a."

Aka yi ta dariya, maganar ta bi layi. Masu zuwa shagon Mai Aski suka fara raguwa. Ranar da abin ya kai maƙura ita ce ranar da wani tsohon direba, wanda ya fi kowa daɗewa a kujerar, ya zauna aka shafa masa kumfa, amma ya ƙi rufe ido. Ya bi askar da kallo har aka gama. Daga ranar bai dawo ba.

Mai Aski ya kai ƙara wurin matarsa.

"Haba Malam, wasa ne fa," ta ce. "Ƙanin matarka ne. In bai tsokane ka ba wa zai tsokana?"

"To," in ji shi. "Wasa ne."

Bai ƙara ɗaga maganar ba. Babbar 'yarsa ce ta matsa sai an je asibiti, shi kuma ya yarda da sauri har ta yi mamaki. Likita ta auna fatar, ta sa shi ya dubi sama da ƙasa, ta danne girar da babban yatsa ta ga iya abin da murfin zai ɗaga da kansa. Sannan ta jera masa hanyoyin. Ana iya yanke fatar da ta yi yawa a ɗinke cikin lanƙwasar ido. Ana iya tsuke tsokar da ke ɗaga murfin, domin tasa ta saki. Girar kuma ana iya ɗage ta, ko dai ta cikin gashin kai inda tabo zai ɓuya, ko daidai saman girar inda zai ɗan nuna.

"Likita, ki tsuke tsokar iya ƙarfinki," ya ce. "Ina son ido irin na mujiya."

"Baba, zan ɗaga ne ka gani, ba don ka tsorata mutane ba. In na wuce gona da iri, idon ba zai rufu ba, ya bushe."

"Girar fa, a yi ta sama inda ake gani."

"Mutane ɓoye tabo suke so."

"Ni ina so a sani."

Aka yi aikin da allurar kashe zafi, yana farke. Ya koma gida fuska a kumbure, ya bi dokar likita kamar yadda yake bin tsarin shago: ƙanƙara a tsumma, maganin ɗigawa a kan lokaci, matashi biyu a ƙarƙashin kai. Ya kuma bar gemunsa ya tsiro, bai taɓa shi ba.

Da aka cire zare, kumburi ya sauka, sai ya zaɓi yammacin da shagon Ɗan Gayu ya fi cika. Ya yi sallama, ya bi layi a benci kamar kowa. Da aka zo kansa ya hau kujera.

"Yaya, kai ne? Ai da ka aiko."

"Ni ne, ƙanena. Gyaran fuska, da reza. Ka ce ni barci nake, to na zo wurin mai ido biyu."

Mai aski ba ya korar wanda ya hau kujera, balle wanda ya koya masa aiki. Ɗan Gayu ya shafa kumfa. Kowa idan reza ta zo yakan rufe ido, amma Mai Aski ya buɗe sababbin idanunsa tar, ya kafe su a kan na Ɗan Gayu cikin madubi. A benci wani ya rage muryar talabijin.

"Yaya, ka ɗan rufe ido mana."

"Na gaji da rufewa."

Rezar ta bi kumatu lafiya. Da ta zo ƙarƙashin haɓa, inda Mai Aski ya sha gaya masa ya ja fata kafin ya sauke hannu, Ɗan Gayu ya manta bai ja ba, rezar ta ci fata. Jini ya fito cikin farin kumfa. Ya ɗauko auduga a gigice, Mai Aski ya riƙe masa hannu.

"Bar shi. Wasa ne."

Ya biya, ya fita. Bai tsallaka titi kai tsaye ba. Ya bi layin masu ɗinki shago shago yana gaisuwa, jinin na gangarowa wuyan farar rigarsa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ƙanena ne ya yi mini gyara. Yaro ne, yana koyo."

Ba a daɗe ba tsohon direba ya leƙo shagon, ya yi kame-kame a kan ciwon ƙafa da ya hana shi zuwa. Mai Aski ya kakkaɓe masa kujera. Da kumfa ta hau, direban ya dubi tabon da ke saman girar, ya jingina kai, ya rufe ido.

A gida matarsa ta wanke rigar, tabon jinin bai fita duka ba.

"Malam, yaron nan ko abinci ba ya ci. Ya isa haka."

Mai Aski ya ɗiga maganinsa, ya shafa haɓa inda sabon gashi ya fara tsirowa.

"Ki ce masa ya wasa reza," ya ce. "Gemun ya kusa isa gyara."